Amsoshin Wasiƙunku: Yadda Ake Haɗa Shayin Koko A Gida

   

Yau wasiƙu uku ne a gabanmu, dukkansu kuwa a kan abu ɗaya suke, watau koko. To, kafin mu yi nisa bari mu raba gardama. Ba kokon gero da ake sha da ƙosai muke nufi ba, ba kuma ƙoƙon da ake ɗiban ruwa da shi ba. Muna nufin kokon kurmi, wanda ake yin cakulan da shi, wanda kuma garinsa ke cikin irin su Milo da Bournvita da kuke gani a teburin mai shayi.

Wasiƙa ta farko ta fito ne daga hannun wani Alhaji, falken goro, mai zirga-zirga tsakanin Kano da Shagamu da ƙasar Ondo. Ya ce in hunturu ya kama, yaran gidansa ba sa yarda su tafi makaranta sai an haɗa musu shayin gwangwani, gwangwanin kuwa ba ya kai mako. Shi kansa ƙwayar sukari biyar yake jefawa a kofi. Watan jiya ya je asibiti, aka auna jininsa, aka ce sukari ya fara hawa, ya yi hattara. Ga shi kuma mai masaukinsa a kurmi ya ba shi tsarabar busasshen koko mudu biyu. Tambayarsa ita ce, ana iya haɗa abin sha da wannan ƙwaya a gida? In an haɗa, mai irin larurarsa zai iya sha?

Ta biyu daga wata Malama ce a ƙasar Maraɗi, mai sana'ar koko da ƙosai. Ta ce ta sayi garin koko zalla, amma duk lokacin da ta dama sai ya yi gudaji, ga ɗaci kamar maɗaci. Tana kuma tambaya ko za ta iya haɗawa da madarar shanu, ta ba jaririnta. Ta uku kuwa wani manomi ne daga ƙasar Katsina, yana son ya ji ko itacen zai yi a gonarsa.

Malam manomi, bari mu fara sallamarka, don taka ce gajeriya. Koko itacen kurmi ne. Yana son inuwa, da laima, da ruwan sama wajen milimita 1,500 a shekara, ba ya kuma jure rani mai wuce wata uku. Ka ga ke nan ƙasar Katsina ba wurinsa ba ne. A Nijeriya ana nomansa a jihohin Ondo da Osun da Ekiti da Ogun da Oyo da Kuros Riba, sai kuma wasu sassan kurmin Jihar Taraba. Daɗin daɗawa, busasshiyar ƙwayar da ake sayarwa ta riga ta mutu, ko ka shuka ba za ta tsiro ba. Amma ka san wani abu? Masana tsirrai sun ce koko da goro dangi ne na kusa, gidansu ɗaya kuma da kuka da kuɓewa da rama da yakuwa da auduga. Saboda haka 'yan uwansa suna nan cike da gonarka, ka riƙe su da kyau.

Asalin koko daga nahiyar Amurka ne. Mutanen Maya da na Aztek, a inda ƙasar Meziko da maƙwabtanta suke yanzu, sun daɗe suna shan sa tun kafin Turawa su je can. Su kuwa ba su san sukarin rake ba. Niƙa shi suke yi su dama da ruwa, su sa barkono, wani lokaci da garin masara, su sha da ɗacinsa. Mutanen Sifen ne suka kai shi Turai bayan shekarar 1500, suka mai da shi abin sha mai sukari. A 1828 wani mutumin Holan mai suna Van Houten ya fito da injin matse man koko. Wannan kuwa Malama za ta gane shi da sauri, don daidai yake da aikin ƙuli-ƙuli. Kusan rabin ƙwayar koko mai ne. In an matse man, sai tunkuzar ta rage, ita ce ake niƙawa ta zama garin koko. A 1879 wani maƙeri, Tetteh Quarshie, ya komo da irin daga tsibirin Fanando Fo ya shuka a Mamfon ta ƙasar Gana, kafin 1912 kuwa ƙasar ta zama ta ɗaya a duniya wajen nomansa. Wanda ya san Ibadan ya san dogon benen nan mai suna Cocoa House, wanda aka gama a 1965 da kuɗin koko. Yau wajen kashi 70 cikin 100 na kokon duniya daga Afirka yake fitowa, Kwaddibuwa ce a gaba. Abin mamaki, mu ke nomawa, amma sai an kai wani wuri an cika shi da sukari an zuba a gwangwani sa'an nan mu saya da tsada.

To Alhaji, mu dawo kan taka. Koko shi kansa ba shi da zaƙi ko kaɗan. Duk zaƙin da ka ji a kofi, wani ne ya zuba shi, ko a masana'anta ko a gidanka. In kana son ka san abin da ke cikin gwangwani, ka juya bayansa, ko ka ba yaro ɗan makaranta ya karanta maka. Ƙa'ida ita ce a jera kayan haɗin daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci. In ka ga kalmar sugar, ko sucre da Faransanci, ta riga koko zuwa a jerin, to sukarin da ke ciki ya fi kokon yawa. Kai kuma ka zo ka ƙara biyar a kai.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini. Ga babban mutum, wannan kimanin giram 50 ke nan, watau cokalin shayi 12. Ta ce in an iya ragewa zuwa rabin haka, cokali 6, ya fi. Ƙwayar sukari ɗaya kuwa ta kai cokalin shayi ɗaya, ko ma ta ɗan ɗara. Yi lissafi da kanka, kai ɗan kasuwa ne. Ƙwaya biyar, ga sukarin gwangwani, in kuma an tsiyaya madarar nan mai kauri mai yauƙi, wadda kusan rabinta sukari ne, to a kofi ɗaya na safe ka wuce cokali shida, rana ko ɗagawa ba ta yi ba. Ga fura da sukari tana jiranka da azahar, ga lemon kwalba a tasha.

Wannan shi ne amfanin haɗawa a gida. Cokali yana hannunka, kai ke auna abin da zai shiga cikinka da cikin 'ya'yanka.

Yanzu ga yadda za a yi da mudu biyun nan. Da farko a baza shi a faifai a tsince. Manomin koko in ya fasa kwalar, yakan tara ƙwayar ya rufe da ganyen ayaba kwana biyar zuwa bakwai ta ruɓa, kamar yadda ake yi wa kalwa in za a yi daddawa, sa'an nan ya shanya. Wannan ruɓawar ita ke rage bauri ta fito da ƙamshi. Ku ɗauki ƙwaya goma ku tsaga da wuƙa. In cikin ya yi ruwan ƙasa, da tsage-tsage, to ta yi. In ya yi toka-toka sumul kamar allo, ba ta ruɓa ba, za ta yi bauri. Wadda kuwa kuka ga funfuna a cikinta, ko ƙwari sun huda, ko tana warin hayaƙi ko na maganin ƙwari, a zubar, kada a yi ƙyashi. Gubar funfuna ba ta mutuwa da suya ko tafasa, hanta kuma take yi wa lahani, kamar dai ta ruɓaɓɓiyar gyaɗa.

Sai suya. A ɗora kasko a wuta marar ƙarfi, garwashi ya fi, a zuba daidai yadda za a iya juyawa. A yi ta juyawa kamar ana suyar gyaɗa, minti 20 zuwa 30. Za ku ji tana ƙara ƙas-ƙas, ƙamshi ya cika gida. A ɗauki ɗaya a murza, in ɓawon ya saki da sauƙi, ta soyu. Kada a bari ta yi baƙi, don ɗacin ƙuna ba abin da ke gyara shi. Suyar nan ba don ƙamshi kaɗai ba ce. Abin da aka shanya a fili kwana da kwanaki, kaji da tsuntsaye na bi ta kai, ba a rasa ƙwayoyin cuta a jikinsa, wuta ce ke kashe su. Don haka kada a bar yara su tauna ɗanye.

In ta huce, a murje da hannu ko a ɗan sussuka a turmi, a sheƙe ɓawon da faifai. A nan manoma ku kasa kunne. Ɓawon nan da ƙwayar suna da wani sinadari mai suna tiyoburomin, wanda jikin mutum ke iya sarrafawa, amma yana iya kashe kare, yana kuma cutar da doki da kaji in sun ci da yawa. Kada a watsa shi a tsakar gida. A binne shi cikin ramin taki, ƙasa za ta amfana.

Daga nan sai daka. A samu busasshen turmi mai tsabta, wanda ba a daka daddawa ko kifi a ciki ba, a daka tun da sauran ɗumi. Da farko zai zama tsaki, sa'an nan gari, in aka ci gaba sai mai ya fito ya zama kamar markaɗen gyaɗa. Mai dutsen niƙa ta ƙarasa a kansa, ya fi laushi. In inji za a kai, a ja kunnen mai injin kada ya ɗiga ruwa ko kaɗan. Ruwa na sa shi ya cure, ya kuma yi funfuna da wuri. Da ya yi laushi, a cura shi kamar fura, kowane curi girman goro matsakaici, a jera a faranti a wuri mai sanyi ya daskare. A adana a gwangwani mai murfi kusa da randa, don man koko yana narkewa da zafin bazara. In kun ga farin dishi-dishi sumul a jikinsa bayan kwanaki, man ne ya fito, ba kome. In kuwa gashi-gashi ne mai wari, funfuna ce, a zubar.

Curi ɗaya ya isa kofi biyu. A kankare shi da wuƙa a cikin kofi ɗaya na ruwa, a ɗora a wuta da ɗan yankin citta da kanumfari biyu, a bar shi ya yi ta ɓararraka a hankali kamar minti biyar. A zuba kofi ɗaya na madara, da gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Gishirin nan shi ne sirrin, yana danne ɗaci, sai ka ga ba ka bukatar sukari da yawa. Sai a sa maburgi a burga har ya yi kumfa. Mutanen Meziko ma da irin wannan maburgi na itace suke burga nasu har gobe. Za ku ga mai yana yawo a sama, wannan man kokon ne, burgawa ke haɗa shi. A tace da rariya in ana so. Sukari kuwa a ƙarshe ake sa shi, bayan an ɗanɗana, cokalin shayi ɗaya ga kowane kofi.

Malama, ga amsar gudajinki. Garin koko yana da sauran mai a jikinsa, shi ya sa in kin zuba shi a ruwa mai yawa yake tasowa sama ya dunƙule. Ai kin san yadda kike yi da gasara. Ki sa babban cokali ɗaya na garin a kofi, ba tsororo ba, ki ɗiga ruwan zafi kaɗan, ki dama ya zama kamar ƙullu, ba gudaji ko ɗaya. Sa'an nan ki juye cikin rabin kofi na ruwa da rabin kofi na madara, ki dafa minti biyu ko uku kina juyawa, da ɗan gishiri da citta ko kirfa. Ɗacin da kika ji kuwa alama ce ta kirki, kin sayi na ainihi. Farashin koko ya yi tashin gwauron zabo a 2024, har tan ɗaya ya wuce dala 10,000 a kasuwar duniya. Saboda haka in an miƙo miki gari a ƙulle cikin leda da arha, ki lasa tukuna. In kin ji zaƙi, an yi masa haɗi.

Tun da sana'arki ce, ga wata dabara. In kin dama kokon gero, ki ɗebi wani ki zuba masa damammen garin kokon nan, babban cokali ɗaya ga kofi. Koko ya haɗu da koko ke nan. Ki yi da gasarar da ba ta yi tsami sosai ba, ko da kunun gyaɗa, wanda ya fi karɓarsa. A Meziko suna da irin wannan, da ƙullun masara suke yi, suna sha da sanyin safiya. Yana riƙe cikin yaro fiye da ruwan shayi tsararo, gari kaɗan kuma ya ishi gida duka.

Madarar shanu kuwa ta yi, ta ma fi, amma da sharaɗi ɗaya: a tafasa ta sosai kafin a sha, ko da daga nonon saniyarku aka tatso yanzu. Ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fukan shanu, da kuma cutar nan mai sa shanu ɓari, wadda ke sa wa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi. Kindirmo da nono ba sa yi, suna tsinkewa a wuta. Wanda madara ke ɓata wa ciki ya yi da madarar waken suya, a dafa ta sosai kamar minti 20, ko da ruwan aya. Shi ruwan aya ɗumama shi kawai ake yi, in ya sha wuta yana yin kauri. Yana kuma da ɗan zaƙinsa, sai a rage sukari.

Amma jariri, Malama, a'a. Daga haihuwa zuwa wata shida nonon uwa kaɗai, ko ruwa ba ya bukata. Bayan nan ma, ma'aikatan lafiya sun ce a guje wa ƙara sukari a abincin yaro har ya kai shekara biyu. Zuma kuwa ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba, don tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri. Ki bar shayin koko ga yayyensa.

To Alhaji, saura tambayarka ta ƙarshe. Bincike ya nuna koko zalla yana da wasu sinadarai masu taimakon jijiyoyin jini, har suna ɗan rage hawan jini kaɗan. Amma kaɗan ɗin ne fa. Ba maganin hawan jini ba ne, ba kuma maganin ciwon sukari ba. Duk wanda ya tare ka a tasha da ƙullin gari ya ce ka ajiye maganin asibiti ka sha wannan, kuɗinka yake so. Za ka iya shan kofi ɗaya ba sukari, ko da rabin cokali, kuma kai ka bar haɗin gasara, don gero ma yana komawa sukari a jini. Kada kuma a ruɗe ka da cewa zuma da dabino da mazarƙwaila ba sa cutarwa. Su ma sukari ne, suna ɗaga na jini. Ga yara masu lafiya, jiƙaƙƙen dabino ɗaya ko biyu da aka markaɗa ya fi ƙwayar sukari amfani, amma kai sai da awo. In ka koma asibiti ka gaya wa likita abin da kake sha da yawansa, ya auna ya gani.

Akwai wasu abubuwa biyu da ya kamata kowa ya sani. Koko yana da irin sinadarin nan na goro da gahawa mai hana barci, ko da yake bai kai na kofin shayi ba. A ba yara da safe, kada a ba su da dare, su kuma kurkure baki in sun gama. Na biyu, koko, kamar ganyen shayi, yana rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Mai ciki da aka ba ƙwayar ƙarin jini a awo, ta sa tazarar awa biyu tsakanin ƙwayar da wannan abin sha.

Mun san ranar farko yara za su yatsine fuska, su ce Baba wannan ba irin na gwangwani ba ne. Kada ka janye musu sukarin gaba ɗaya, kada kuma ka karaya. In cokali uku suka saba, wannan mako a sa biyu da rabi, mako mai zuwa biyu, a haka har a sauko ɗaya. Harshe yana sabawa, sannu ba ta hana zuwa. Ka kuma fara da kanka a gabansu, don yaro abin da ya ga babba na yi shi yake kwaikwayo. Ka gaya wa uwargida ta ajiye cokalin shayi guda a cikin gwangwanin sukari, da shi za a riƙa awo, a daina ɗiba da ludayi.

Wata 'yar tunatarwa ga fatake 'yan uwanmu na Zangon Kumasi da sauran wurare. A Nijeriya tun 1986 aka rushe hukumar cinikin koko, kowa na iya saye da sayarwa. A Gana kuwa cinikin yana ƙarƙashin hukumar koko ta ƙasar, fitar da shi ta kan iyaka ba da izini ba laifi ne. Kada tsaraba ta ja wa mutum ɗauri.

Jama'a, iyakar abin da lokaci ya ba mu ke nan a yau. Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi, ya tsare hanya. In uwargida ta gwada, ka rubuto mana yadda yaran suka karɓa. Malama, Allah ya raya jariri, ya sa albarka a sana'a. Malam manomi, Allah ya ba da damina mai albarka. Sauran masu wasiƙu ku ƙara haƙuri, layi zai zo kanku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.